Motar Lantarki a Layin 'Yan Dizal

Daga Barkono zuwa ga Tuzuru

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Gaisuwa mai tarin yawa zuwa ga taubashina, jikan ƙanwar kakana, babban mai walda, Tuzurun da furfura ta riga aure zuwa gidansa. Ina gajiya, ina zafin ƙarfe? Nan kowa lafiya. Goggo, tsohuwarka, tana gaishe ka. Kumburin ƙafarta ya sace tun da ta koma kan maganin, jiya ma da na ɗana mata ƙadangaren roba a cikin takalmi ta bi ni da gudu har bakin ƙofa. Ta ce in tambaye ka, wannan dajin da kuke aiki, da aka ce ba waya, mata ma babu ne?

Bayan haka, amaryarka ta iso. Mai Tirela ya sauke ta a tasha lafiya lau, fara sol, motar lantarkin da ka zuba gumin shekarunka a kanta. Na ji saƙonka: in yi haya da ita, a sayi maganin Goggo, a yi cefane, saura a tara maka. Na karɓa hannu biyu.

Sarkin Tasha ya ba ni layi. Ka san dokarsu ba ta canza ba: mota bayan mota, wanda ya riga zuwa shi zai fara lodi, wanda ya janye motarsa daga layi, ko gobara ake a gidansa, ya koma ƙarshe.

Kai Tuzuru, da ka ga fuskokinsu da safe a gaban tankin ƙungiya! Kowa ya murtuke kamar an aiko masa da rasuwa, dizal ya sake tashi. Ni kuwa na jona tawa a bango, ta sha ta ƙoshi ina kwance. Ba juyen baƙin mai, ba filta, ba nozul, ba salansa. Bakanike ya ɗaga gabanta ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce, "A'uzu billahi, ina hanjinta?" Abin da su suke ƙonawa a zuwa kaɗai, ni ya biya min wutar zuwa da dawowa, har in sha shayi da abin da ya rage. Sai na ce to, Allah ya ba ni sauƙi, in yi wa bayinsa sauƙi. Na rage kuɗin mota. Yanzu fasinja suna tsallake motocin gaba su zo su zauna a tawa, su ce za su jira.

Ga babban labari. Amaryar nan ba ta da murya, tafiyar kyanwa take yi. Ka tuna Guduma, direban nan da wuyansa ya fi cinyata kauri? Na hango shi ya durƙusa, tiyo a baki, yana zuƙo dizal daga jarka zai juye a tankinsa. Na lallaɓo a hankali, a hankali, har hancin motar ya kusa sumbatar ɗuwawunsa. Na danna hon. Wallahi haɗiyewa ya yi! Ya faɗi yana kakari, 'yan kamasho suna birgima don dariya. Na leƙo na ce, "Sannu Guduma, saura a yi maka juye."

Ka gaida ƙarafunanka, tun da su ne iyalinka.

Daga Tuzuru zuwa ga Barkono

Aminci ya tabbata gare ka, ɗan ƙaramin Barkono, mai yaji ba ƙiba. Wasiƙarka ta same ni lafiya, sai idona da hasken walda ya ɗan taɓa, shi ma da sauƙi. Na yi murna da jin ƙafar Goggo. Ka ce mata mata suna nan, jiran motata suke ta tara musu sadaki. Kuma idan ka sake tsorata min uwa, da kunnenka zan gwada sabuwar almakashin ƙarfena.

Labarin Guduma na karanta wa abokan ɗakina, wani har ya faɗo daga gadon sama. Amma ka dinga sassautawa, ba kowa ne taubashinka ba.

Yanzu ka buɗe kunne, kai da malam ya gaji da karya bulala a bayanka. Kafin in sayi motar nan daga hannun injiniyanmu da zai koma gida, sai da na zauna na auna komai. Gaskiya ne ba ta shan mai, ba ta son juye. Amma tana da nata cin. Nauyi gare ta fiye da yadda ido ke gani, saboda haka tana cinye taya da wuri, ka daina fisgarta don burge 'yan mata. Na biyu, batirinta shi ne ranta, yana shimfiɗe a ƙarƙashinta daga gaba har baya, kuma kuɗinsa ya kusa rabin motar. Kada ka faɗa rami da ita, kada ka shiga ruwa mai zurfi. Na uku, in wani abu ya lalace, ba irin tasu ba ce da za a ɗaure da waya a buga da dutse ta tashi. Sai an aiko da kayanta daga nesa, ana jira kana zaune. Don haka abin da ka ga ya ragu yau, ba riba ba ne duka, ka dinga ware na ranar wuya ka ba Goggo ta ɓoye inda hannunka ba ya kaiwa.

Duk da haka, lissafina ya nuna min ta fi tasu nesa ba kusa ba. Idan Allah ya tsare, aikin nan da nake shi ne na ƙarshe. In kwangilar ta ƙare in dawo gida in zauna kusa da tsohuwa, na gaji da kwana da ƙattai.

Mai Tirela zai sake zuwa da kayan abincinmu, ka ba shi amsa.

Daga Barkono zuwa ga Tuzuru

Sallama irin ta addini zuwa ga Tuzuru mai lissafi. Goggo lafiya, ta ce ka dinga sa tabaran walda ka daina taurin kai. Ni ma lafiya, in ka cire haƙori ɗaya da ya yi hijira, da ƙeya da ta koma kamar kabewa.

Bari in fara da abin dariya. An ɗauke wuta a unguwa kwana da kwanaki, amarya ta kwanta tana ƙifta ido. Na tura ta wurin mai injin niƙa ya jona min a janaretonsa. Me janareton yake sha? Dizal! Daga ina? Daga tankin ƙungiya! Mai niƙa kuwa ya yanka ni yankan da ko wuƙa ba ta yi. Ribar mako guda ta tafi a nan. Ashe har amarya jikar dizal ce, ɓoye dangi take.

To, Guduma. Ashe man nan ya shiga masa ƙirji, ya kwanta yana tari, motarsa tana ajiye, 'ya'yansa suna cin bashi a shago. Ni ban sani ba. Da ya dawo tasha na ce, "Barka da fitowa daga gareji." Ban rufe baki ba na ji ƙafafuna a sama. Ya shaƙe ni da hannu ɗaya, ya buga kaina a jikin ƙofar motar, ya sake bugawa, ya sake. Ina jin ƙarar kamar a kan wani ake yi. Ya jefar da ni, ya sa gwiwa a ƙirjina, ya ba ni naushi a baki. Na tofar da haƙori na ce masa, "Ɗauki, ladan aikinka ne." Ya ƙara min. Ba wanda ya raba. Waɗanda suka yi birgimar dariya rannan su ne suka harɗe hannu suna kallo. Da na miƙe na tarar an farke min tayoyin baya, ba farkewar da mai faci zai iya ba.

Sarkin Tasha ya kira ni rumfarsa. Ya ce, "Yaro, zauna. Duk wanda ya sha mai a tankin ƙungiya, akwai ɗan abin da ake ɗorawa a kai, yana shiga asusu. Da shi muke kai direba asibiti, da shi muke binne shi, da shi muke gyara wa wanda ya yi hatsari. Kai kana cin layinmu, ba ka shan manmu, asusu bai san ka ba. Sannan ka karya farashi. Su in suka bi ka, kuɗin mai ma ba zai fita ba. Ka mayar da kuɗin mota yadda yake, ka dinga zuba naka a asusu, ka je ka ba Guduma haƙuri. In ka ƙi, ba ni da igiyar ɗaure mutanen nan. Na ji suna maganar ashana."

Ka ji fa, ashana. Amaryarka za su yi wa turaren wuta.

Motar taka ce, kai za ka yanke. In biya asusu? In mayar da farashi? Haƙurin dai sai an murɗe min wuya. Ka aiko da na taya, na ɗauki tsofaffi a wurin mai faci kafin nan. Goggo na ce mata faɗuwa na yi.

Daga Tuzuru zuwa ga Barkono

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Goggo da ta haƙorinka mai hijira, Allah ya sa ya sauka lafiya a inda ya nufa. Ni ƙalau nake.

Barkono, Barkono. Kai ne fa ka taɓa aiko min cewa iska ta yaye rufin ɗakin Goggo, na aiko da kuɗin kwano, na dawo na tarar da rufi a zaune, sabon takalmi a ƙafarka. Kai ne ka ce ka samo min mata fara mai dogon wuya, ashe agwagwar maƙwabta ce. Yanzu kuma an fasa maka kai, an cire maka haƙori, kana ƙasa kana ba da amsa kamar mai wasan kwaikwayo. Wanda aka yi wa wannan dukan ba haka yake rubutu ba. Ka ci tayoyin da gudun banza, na gaya maka za ka ci, shi ne ka ɗora wa Guduma. Ga kuɗin taya ɗaya wurin Mai Tirela, ɗayar ka cire daga kuɗin shayinka.

Maganar asusu, ko sisi. Mu da ba ma shan mansu, me ya haɗa mu da kuɗin mansu? Wanda bai ci nama ba a ce ya biya kuɗin wuƙa? Farashi kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tun da kana son wasan, bari in taya ka. Ka gaida min tsofaffin gwangwanayen nan masu tusar baƙin hayaƙi. Ka ce musu in ji ni, zamaninsu ya wuce, su fara koyon tura baro. Ka ce wa Guduma, tun da ya ɗanɗana ya ji daɗi, ya dinga shan man da kansa ya goya fasinja a baya, zai fi masa arha. Ashana kuwa, in ba su da ita in aiko musu. Wanda ya haifu cikin uwarsa da ubansa ya ƙyasta.

Ka ga, ni ma na iya. Ka kula min da tsohuwa.

Daga Tuzuru zuwa ga Barkono

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, don ban san ko kuna lafiya ba.

Mai Tirela ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na farko ya ce bai gan ka ba. Na biyu na tare shi yana sauke buhuna, na ce ina Barkono, ya ce tirela ba ta shiga tashar ƙananan motoci. Na ce da can ta ina take bi? Ya dubi ƙasa, ya ce yana sauri. Na ce Goggo fa? Ya ce Goggo lafiyarta lau, ya rantse. Ban tambaye shi rantsuwa ba.

Na ɗauko wasiƙarka ta ƙarshe na sake karantawa. Akwai ɗigo a gefen takardar, da na ɗauka tawada ce. Tawada ba ta yin wannan launin.

In wasa ne, ya isa, ka ci ni. In ba wasa ba ne, ka biya asusun, ka mayar da farashin, ka durƙusa wa Guduma, ni zan durƙusa maka in na dawo. Waccan takardar da na aiko, tsakanina da kai ce, ka yaga ta. Don girman Allah ka amsa.

Daga Barkono zuwa ga Tuzuru

Amincin Allah gare ka. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, hannun dama yana cikin filasta. Goggo lafiya. Ni ina asibiti, likita ya ce kan ya haɗu, haƙarƙari sai a hankali. Wasiƙarka ta biyu ta iso. Ta makara.

Ba zan ɗora maka ba. Kai ka rubuta wa taubashinka, ni na kai kasuwa.

Ranar da Mai Tirela ya miƙo min ta farkon, rana tsaka ce, layi ya cika, ba fasinja, kowa yana zaune da yunwarsa. Na karanta na ji haushi da ka ce ƙarya nake, sannan na kai ƙasan takardar dariya ta kama ni. Na ce wannan karatun ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na hau kan motar na tsaya, na yi gyaran murya, na ja shi da ƙira'a irin wadda muke yi a gaban malam. "Tsofaffin gwangwanaye masu tusar baƙin hayaƙi." Wani yaro ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Ya kamata in tsaya a nan. Ka san ni. Na karanta na baro, na karanta na goyon fasinja ina nuna Guduma da yatsa. Na kai kan wanda ya haifu, na maimaita.

Ƙafata aka fara ja. Na faɗo da baya a kan gilashin gaba, ya tsage. Suka ja ni ƙasa. Ban iya ƙirga su ba, takalma kawai nake gani. Wani yana taka min hannu, wani yana shurin cikina. Guduma ya zo da ƙarfen kwance taya, na kare kaina da dama, na ji ta yi ƙas kamar kara. Ya sake ɗagawa ya sauke a haƙarƙarina. Sarkin Tasha yana ihu, "Za ku kashe shi! Ku bari!" Aka ture tsohon ya faɗa kwata. Suka ja ni ta ƙafa suka yar a gindin rumfa, jini ya rufe min ido ɗaya.

Sai suka koma kan motar. Duwatsu, sanduna, jak. Fitilu suka tarwatse. Aka kawo jarka aka kwarara mata dizal ciki da waje. Aka ƙyasta ashana aka jefa, ta mutu. Aka sake, ta mutu. Ka san dizal ba ya kamawa da ashana haka nan. Ni kuma ina kwance, bakina cike da jini, na ɗago na ce, "Ko manku ma ya ƙi ku." Allah ya shirye ni. Wani ya dawo ya shure ni a fuska, na ƙarasa yin shiru.

Suka farke kujera, suka cusa tsumma da kwali, suka hura har ta kama.

Ga abin da ba wanda ya sani, har ni. Sun ɗauka motar da ba ta da tanki za ta ci kamar katifa, ta cinye ta mutu. Shi ya sa ba wanda ya janye motarsa. Ta Guduma tana gaban tawa, wata tana bayanta, hanci da wutsiya. Sarkin Tasha ya fito daga kwata yana cewa a matsar da motoci, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Wa zai fita layi ya koma ƙarshe, bayan ya wuni yana jira? Suka tsaya suna kallo, makullai a aljihu.

Da wutar ta kai ƙarƙashi, inda batirin yake, sai muka ji tana huci kamar kububuwa. Farin hayaƙi ya fito, mai yanka maƙogwaro. Sannan harshen wuta ya feso ta gefe, miƙaƙƙe, mai ƙara, irin na waldarka amma tsawon mutum. Ya fesa gaba, ya fesa baya. Aka watsa ruwa bokiti bayan bokiti, ta yi kamar ta mutu, ta sake tashi ta fi da. Bayan motar Guduma ya kama. A nan kowa ya tuna da makullinsa, ana karo, ana zagi, mota tana hawa mota a bakin ƙofa.

Guduma ya ruga ya kama ƙofar tasa zai shiga ya ja ta. Hannunsa da rigarsa duk dizal ɗin da ya zuba wa tawa. Na gan shi da idona mai gani. Hannuwansa biyu suka kama kamar fitila. Ihun da ya yi, Tuzuru, ban taɓa jin namiji ya yi shi ba. Mai shayi ne ya lulluɓe shi da buhu ya danne shi a ƙasa.

Mota uku suka tafi. Taka ta ci har yamma, 'yan kwana-kwana suka zo suka tsaya suna zuba mata ruwa tana musu gardama. Abin da ya rage ƙarfe ne baƙi a zaune a kan ƙafafunsa.

Gumin shekarunka ke nan.

Daga Tuzuru zuwa ga Barkono

Na gode Allah da kake numfashi. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Na karanta a tsaye. Shekaru ina haɗiyar hayaƙin ƙarfe, idona yana tsiyaya, fatar hannuna duk tabo, ina cewa saura kaɗan in koma wurin uwata. Sun ƙone min gumina a wuni ɗaya, suka kuma karya ɗan'uwana kamar itacen girki.

Kai ma da kana kusa, da na ƙarasa ɗaya hannun. Amma naka zai jira.

Na yanki rodi, tsawon hannu, na wasa bakinsa, na naɗe mariƙin da roba. Mai Tirela ya ce ba zai ɗauke ni da shi ba, na ce to zan taka da ƙafa. In na bar aikin nan kafin wa'adi, sun ce hakkina na ƙarshe ya faɗi. Ya faɗi. Ka rubuto min sunayensu ɗaya bayan ɗaya: wanda ya kawo jarka, wanda ya ƙyasta, wanda ya taka ka. Guduma ba sai ka rubuta ba. Ka gaya min gadon da yake kawai.

Daga Barkono zuwa ga Tuzuru

Sallama, da fatan wannan ta riske ka kafin ka ɗaura takalmi. Na roƙi Mai Tirela kada ya tsaya ko shan ruwa. Jikina da sauƙi, ina iya tari ba tare da na ga taurari ba.

Wannan karon ban karanta wa kowa ba sai mutum ɗaya, Goggo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in rubuta maka haka, kada in ƙara gishiri: in ka taka garin nan da rodi a hannu, ba ita ta haife ka ba, kuma za ta faɗa a gaban jama'a. Ta ce mota ta ƙone ta haƙura, ba za ta haƙura da kai wa ɗa abinci gidan yari da wannan ƙafar ba. Maganinta ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ta ɓoye na ranar wuya ya tafi a kan filastata. In ka bar aikin, wa zai saya? Ni da hannu ɗaya?

Sunaye kuwa ba ni da su. 'Yan sanda ma sun tambaya. Na ce takalma na gani, in suna so in siffanta musu takalma. Sun kama waɗanda suka kama.

Sarkin Tasha ya zo duba mu, da sanda yake tafiya yanzu. Asusu zai biya asibitin Guduma, zai tallafa wa mai ɗaya motar. Mu ba mu da komai a ciki, don ba mu zuba komai ba. Ya faɗa min a gaban kowa, bai ji kunya ba, ni ma ban ga abin musu ba. Mai sayen tsohon ƙarfe ya je ya ga gawar, ya yi tayi. Ba yawa, amma zai riƙe maganin Goggo na ɗan lokaci. Ka ba ni izini in sallama.

Ka ce in gaya maka gadon Guduma. Ga shi nan, in na miƙa hagu ina taɓa shi. Ɗakin maza ɗaya ne a asibitin. An naɗe hannuwansa har gwiwar hannu kamar ƙullin auduga. Likita ya ce yatsun ba za su sake riƙe sitiyari ba. In za a canza masa bandeji, mutum biyu ke danne shi, ni kuma in juya bango in toshe kunne ɗaya, ɗayan ba hannun toshewa. Matarsa tana zuwa da yara, su jeru a bakin gado suna kallon hannuwan. In ba ta samu zuwa ba, Goggo ce ke ba shi abinci a baki, tana ba shi tana zaginsa, yana haɗiya yana hawaye. Me rodinka zai samu a nan da wuta ba ta riga shi ba?

Ba mu yi wa juna magana ba sai yau da safe. Na ga yana ta murza fuska, yana goga ta a kafaɗa, ba ta kaiwa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai. Hancina." Na ce, "Wa ke magana? Ban ji sallama ba." Ya zage ni, ya zagi kakana, wanda kakanka ne kai ma ta wani gefen. Na bar shi ya yi ta fama har idonsa ya kawo ruwa. Sannan na miƙa hagu na sosa masa. Ya ce, "Sama kaɗan, ɗan banza."

Ka zauna ka yi waldarka.

Daga Tuzuru zuwa ga Barkono

Bayan gaisuwa. Ka duƙa ka gaida min Goggo, ka ce mata ɗanta ya ji.

Rodin na mayar da shi cikin aiki, yana jikin wata gada yanzu. Na je ofis na sa hannu a sabuwar kwangila. Da na ce wannan ce ta ƙarshe, ashe da saura. Kada ka gaya wa tsohuwa tsawonta, ni zan gaya mata da kaina in na samu bakin faɗa.

Ka sallama gawar. Kuɗin ka kai shagon magani kai tsaye, kada su kwana a aljihunka. Ga ɗan abin da na samu wurin Mai Tirela, na filastarka ne.

Ban huce ba. Da kai, da su, da ni kaina. Kada ka aiko min da abin dariya sai na nema.

Shi kuma wancan, in ya sake roƙo, ka sosa masa. Amma ka bar farcenka ya yi tsawo tukuna.